Kan Sanda

A Iloilo, bayan kasuwar kifi,
akwai ɗakin sunuka mai fanka ɗaya.
A lungunsa Mang Anastacio ke zama
da aska, da gam, da gwangwanin fatu.

Ranar Talata na kai masa sandata.
Na ce, "Kai nake so mai tauri,
baƙar robar nan mai kamar ƙashi,
wadda in ta sauka kan farin ƙwallo
sai masu keken haya sun waigo daga titi."

Bai ɗago ba.
Ya danna tsohon kan da farce,
ya ce, "Roba ba ta shan alli.
Baki gare ta, ba ta da kunne.
Hannunki bai bar rawa ba, Ligaya,
za ta zame, farin ya tsallake tebur."

Sai ya zaro fatar ɓauna,
wai kwananta uku cikin madara,
biyu a matse tsakanin ƙarafa.
Ya yanka, ya manna, ya kankare gefe.
"Nauyi ba shi ne ƙarfi ba.
Riƙi sandar da kafaɗa za ta manta da ita."

Daren Asabar na jera tara,
na shafa shuɗin alli, na haɗiye numfashi.
Ƙarar ba ta kai titi ba.
Biyu suka faɗa rami,
farin ya ja burki a tsakiyar kore,
ya tsaya cik, yana jirana.

Na waiga in ga fuskarsa.
Yana can sunkuye kan sandar wani,
yana danna kai da farce.