Kaurin Farce

Ranar Laraba Ilatu ya kawo ta,
ba da makulli ba, da kafaɗun yara uku.
Fijo mai buɗaɗɗen baya, ta haura shekara talatin,
fentinta ya koma launin tokar murhu.
Ya ce, "Gwani, a hawan Tamaske take ba ni kunya.
Buhu ashirin na albasa, sai ta tsaya tana haki,
masu jakuna na wuce ni suna yi min sannu."

Na ce, buɗe mata baki mu gani.

Silinda huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya,
uku na noma, na huɗun ɗan rakiya ne.
Na zare bujinsa na shinshina,
baƙi ƙirin, jiƙe da mai.
Numfashinsa na zurarewa ta gefen fistan
kamar hatsi a tsohon buhu.

Kwana biyu tana kwance ƙarƙashin bedi
a bayan tashar Tawa,
hanjinta a jere bisa kwali.
Sahabi, yarona, ya zauna da bawul takwas
yana murza su tsakanin tafuka
kamar mai burga miyar kuka,
har bakin kowanne ya zauna daram a kujerarsa.
Ni kuwa na ɗauki kan injin
na kai wa Dan Lele mai injin aski.
Na ce, kaurin farce za ka cire.
Ya ce, farcen wa?
Na miƙa masa ɗan yatsana.

Ɗaki in ya ƙuntata, wuta ta fi zafi.
Ilimin ke nan duka,
sauran sai kunne.

Na sauya zobban fistan,
na faɗaɗa maƙogwaron karbireta kaɗan,
na wanke matatar iska da ta sha ƙasar Adar ta ƙoshi,
na yanke salansar da ta toshe
na ɗinka mata wadda ta fi faɗin ciki.
Sannan na sassauta delko,
na murza shi gaba, a hankali,
kamar mai neman tasha a rediyo da dare.

Da ta tashi, awakin Ta Mallam suka watse.
Mai shayi ya bar tukunya ya zo kallo.
Ilatu na dariya har hularsa ta faɗi.

Asabar ya dawo, babu dariya.
"Ta hau Tamaske kamar an kore ta,
amma cikinta na ƙara, ƙyas ƙyas,
sai ka ce tsakuwa a gwangwani.
Kuma mai, Gwani! Jika biyar
ba ta kai ni inda take kai ni da ba."

Na tambaye shi man ina yake sha.
Ya ce na kwalba, na bakin hanya.
Na sa kunne a jikin sukundireba,
na ji fistan na gaisawa da wuta
tun kafin ya iso ƙofa.

Laifina ne. Na yi zari.
Na mayar da delko baya, kaurin gashi,
na ƙwace rabin abin da na ba ta.
Ƙarar ta kwanta.

Na ce, Ilatu, ƙarfi bashi ne,
tsohuwa in ta ci shi, da ƙashinta take biya.
Buhu goma sha shida za ka ɗora,
ka duba ruwanta kafin ka yi kalaci.
Ya ce to, irin to ɗin da na sani.

Jiya da la'asar ta wuce ta gaban gareji,
bayanta ya durƙusa, albasa har sama.
Sahabi ya ƙirga da yatsa: ashirin da biyu.
Ban ɗaga kai ba.
Na bi ta da kunne har kwanar kasuwa,
huɗun duka suna magana,
babu mai katse wani.