Gajere Mai Nauyin Gindi

Asabar ɗin da ta wuce, a wani zaure a Barnawa,
ana bikin sallamar tsohon ma'aikacin reluwe,
Dogara ya taka uwar ganguna da ƙarfi sau uku,
sai mariƙin makirufo ya fara gyangyaɗi,
ya sunkuyo, ya sunkuyo,
har ya sumbaci fatar ganga.
Lasifika ta kurma ihu. Wata tsohuwa ta zubar da zoɓonta.
Kowa ya waiwayo, ba wajen makaɗi ba,
wajena, ni mai murɗa na'ura a lungu.

Litinin na shiga gari da kuɗin mako biyu a aljihu.
Mai shago ya jero mini su kamar 'yan fareti.
Ga dogo mai ƙafa uku, wuya kamar na zalɓe,
ya ce daga waje aka kawo shi.
Na hura masa iska da baki, ya yi rawa.
Ga mai hannu da ke miƙewa ta kan farantan tagulla,
kyakkyawa, amma kusarsa roba ce,
na san roba, ba ta kai wa damina biyu.
Ga ɗan ƙarami mai cizon bakin ganga kamar kaska,
sai dai duk dukan da ganga ta sha, da shi za a raba,
ya kai wa jama'a kukansa a maimakon kiɗa.

Mai shago ya gaji, ya ce, wai me kake nema ne?
Na ce, wanda zai tsaya kusa da duka bai razana ba,
ya bar wa sandar Dogara hanya,
kada gwiwarsa ta same shi, kada waya ta harɗe shi.
Ya yi dariya, ya ce, wannan ai aboki kake nema.

Na hau Keke zuwa Panteka.
Can na tarar da Malam Tanimu cikin tartsatsin walda,
baƙin gilashi ɗaure da zare a ƙeyarsa.
Bai taɓa ganin gangunan Dogara ba,
sai da na zana masa a ƙasa da tsinke.
Ya tona tarin ƙarafa, ya zaro faifan birkin tsohuwar Fijo,
ya ce, ɗaga ka ji.
Na ɗaga, kafaɗata ta amsa.
Ya dasa masa bututu, tsayin kamu ɗaya da 'yan yatsu,
ya yanko tsohuwar taya ya shimfiɗa a ƙarƙashi
don kada girgizar daɓe ta hau ta ƙafa.
Fentin ma ragowar na ƙofar wani ne, kore shar.

Jiya a Sabon Tasha muka gwada shi.
Na durƙusa na ajiye shi a bakin uwar ganguna,
tazarar tafin hannu, ya ɗan karkata hagu.
Dogara ya kalle shi ya taɓe baki, ya ce, mummuna.
Sannan ya taka.
Sautin ya fito ta ƙirji, tim, ba kurma ba hayaniya,
har gilashin taga ya ɗauki amshi.

Awa huɗu aka yi ana rawa.
Gajeren bai matsa ko da faɗin farce ba.
Ba wanda ya waiwayo lungun da nake.
Da aka tashi na saɓa shi a kafaɗa,
har yanzu wurin yana yi mini tsami.