Layi na Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Shekara tara Kawu Nomau na auna rijiyar unguwarmu,
nan bayan Auyo, inda hanya ke ƙarewa a gonar albasa.
Kowace Juma'a, tun mata ba su fara ja ba,
sai ya zura igiya mai ƙulli da dutse a bakinta,
ya ji tsulum, ya ƙirga gaba da taƙi,
ya rubuta a tsohon littafin lissafi na.
Ba wanda ya sa shi. Ba wanda ya biya.

Ni na kwashe lambobin na ɗura wa kwamfuta,
dare goma sha ɗaya, ido na yaji, hannu na tafiya,
don in kai wa ƙaramar hukuma zane guda
su ga da idonsu ruwa na gudu ƙasa.

Karon farko zanen ya fito, sunansa ne ya ƙi:
ƙa da ɗa sun koma ƙananan akwatuna,
kamar manhajar ba ta taɓa ganin harafi mai lanƙwasa ba.
Na sauya mata salon rubutu, ta haƙura.
Karo na biyu waƙafi ne ya zauna gurbin ɗigo,
rijiyarmu ta yi zurfin da ya wuce Kano nisa.
Na yi dariya, na gyara.

Na uku babu dariya.
Ina dannawa, sai ta ɗauke wuta,
ta amayo jan rubutu, layi bisa layi,
doguwar tsinuwa da Turanci, ta rufe kanta.
Na kashe, na kunna.
Na goge, na hau suri inda sabis ke leƙowa,
na sake sauke ta har katina ya ƙare.
Na zargi zafi. Na zargi cajin shagon Isyaku.
Na zargi kaina, wannan ma bai yi magani ba.

Hansatu ce ta ce min daga Dutse, a waya:
"Kai da ka tashi a albasa?
In buhu na wari ba a ƙona buhu.
Raba shi biyu, ka shinshina. Sake rabawa."

Na raba. Rabin ƙasa lafiya lau.
Na raba na sama, na sake, na sake,
har warin ya tsaya kan ƙwaya ɗaya,
layi na ɗari biyu da sha bakwai.
Inda lamba za ta zauna, magana ce zaune.
Da hannuna na kwafe ta, cikin gyangyaɗi, ban gani ba.
Na janyo littafin. Rubutun ya ɗan karkace:
"Ban je ba. Mun kai Tasalla."

In na sa sifili, manhaja za ta yarda,
ta ce ranar ruwa ya cika har baki.
In na raba tsakanin Juma'a biyu,
ƙarya ce mai santsi, ba mai kama ni.
Na daɗe zaune, fanka na huci a cinyata.
Sai na gaya mata da yarenta: nan babu, tsallake.

Zanen ya fito.
Shuɗin zare, yana hawa da damina, yana zamewa da rani,
kowace shekara ƙasa da ta bara,
a tsakiyarsa ɗan giɓi kamar wushirya.

Na kai wa Kawu gindin darbejiya.
Ya matso da fuska, ya bi zaren da ɗan yatsa,
a hankali, yadda yake bin igiya,
har yatsan ya faɗa giɓin.
"Nan fa?"
Na ce, ranar Inna ce.

Ya yi shiru har allon ya dushe.
"Ranar ma an ja ruwa," ya ce.
"Guga shida. Da shi aka yi mata wanka."