Sakata Biyu a Kan Sikeli

Ruwan Kumasi ya kwana yana dukan kwano,
da safe tsatsa ta riga ni zuwa aiki.
Ƙofa uku, kwaɗo huɗu, sannan ɗakin makamai,
warin kananzir ya tare ni da gaisuwa
yadda ya saba, shekara talatin da ɗaya.

Insifeto Boakye ya aiko da sakata biyu a tsumma,
da 'yar takarda: Gariba, zaɓa mana ɗaya kafin Juma'a.
Na sababbin bindigogin nan ne,
dogaye a jiki, abincinsu ƙaramin harsashi,
ƙato mai cin tuwo da cokalin shayi.

Sikelinmu ya mutu tun bara.
Na aro na Maigoro a Aboabo,
har yanzu da jan goro a farantinsa.
Ta farko mai sheƙi ce, shafal da ita,
allura ta ɗan gyaɗa kai kawai.
Ta biyu baƙa, ba kwalliya,
ta zauna daram, allura ta rusuna.

Adiza, kurtun da aka ba ni in koyar,
ta ce, Baba, wannan ma sai an yi shawara?
Mai sheƙi mana. Ko a aljihu ba za ka ji ta ba.
Na ce ɗauko akwati, mu je fili su faɗa da bakinsu.

Mai sheƙi ba ta jira a gama sallama.
Ta je, ta dawo, ta je, ta dawo,
tana watsa kwanso har cikin ciyawa,
tana hura wa Adiza hayaƙi a ido,
bakin bindiga na rawa kamar ɗan maraƙi a igiya.
Baƙar kuwa, in ta ja da baya,
sai ka ce dattijo zai tashi daga tabarma:
gwiwa ɗaya, ɗayar gwiwar, bismilla.
Kwansonta a gefen takalmi yake zuba,
ka tsince shi ba ka yi taku biyu ba.

Muna wanke su da rana Adiza ta ce,
na ga wadda zuciyarka ke so, ban ga dalili ba.

Ban gaya mata daren shingen hanyar Tamale ba.
Tocila a hagu, yatsa a kan kunama,
wata tirotiro ta taho ba ta rage gudu ba.
Na ɗaga. Na saita. Numfashi ɗaya ya rage.
Ta wuce ni ta faɗa kwalbati.
Birki ne ya tsinke.
Mata tara, buhun doya, da jariri a goye
yana barcinsa, bai ma farka ba.
Numfashin nan ɗaya,
har yau ban san wanda ya ara mini shi ba.

Na sani, ƙarfe ba ya tunani.
Nauyin sakata ba ya riƙe hannun kowa,
harsashin farko ba ya neman izininta.
Tsufa ne ke sa ni son abin da ba ya gaggawa.

A takarda na rubuta abin da ofis ke ci:
baƙar ta fi natsuwa, ba ta wahalar da sifirin,
wankinta kaɗan, za ta daɗe.
Na buga hatimi. Sauran na bar shi a hanyar Tamale.

Ina naɗe tsumma na ji ƙaras a bayana.
Adiza ce ta ɗora yatsanta manuni a faranti.
Allura ko gezau.
Ta ce, Baba, wannan fa, a ina ake ƙara masa nauyi?

Aka kira la'asar daga wajen Asawase.
Na ce ɗauke hannunki, yarinya,
Maigoro na jiran sikelinsa.