Zuciyar Aro

Goɗiya biyu na sayar a At-Bashi,
ja, da mai farin goshi.
Na naɗe kuɗin a safa, na tura ƙasan takalmi,
na bi motar dare zuwa Bishkek
ina taka dukiyata duk inda na sa ƙafa.

Motar babana na baro a gida bisa duwatsu huɗu,
baki buɗe, kamar mai jiran a cire mata haƙori.
Shekara talatin da ɗaya tana kwankwaɗar fetur
ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba,
sai ranar da ta yi tari a hawan Dolon,
ta tofar da fistin,
ta yi shiru.

A kasuwa, kwantena kan kwantena,
injina a jere bisa tsofaffin tayoyi,
an wanke su tas, sun sha kwalliya.
Ormonbek ya murmusa, zinare ya leƙo daga bakinsa:
"Wannan dizal ne, ɗan Japan.
Wani tsoho ne ya riƙe shi,
daga gida sai gonar shayi, sai gida."
Na ce, "Tsohon nan Allah ya yi masa arzikin injina,
layin nan kaf nasa ake sayarwa."
Ya yi dariya har da riƙe ciki. Bai musa ba.

An ce gani ya kori ji.
Ban da a nan.
Na wuce masu sheƙi, na tsaya kan wani mai dauɗa,
wanda ba a goge masa tarihinsa ba.
Na zaro ma'aunin baƙin mai, na shinshina,
na murza tsakanin yatsu ko zan ji yashin ƙarfe.
"Tayar min da shi a sanyinsa," na ce,
"kada ka ɗumama min ƙarya."

Aka kawo batir, aka tsoma tiyo a galan.
Ya yi gyaran murya sau biyu, na uku ya kama.
Hayaƙi fari, sannan ya washe.
Na ɗora tsinin sukudireba a ƙirjinsa,
ƙotar a kunnena, yadda baba yake yi,
na ji su huɗu suna tafiya ƙafa ɗaya,
na ukun yana ɗan ɗingishi.
Ɗingishin nan ya rage min som dubu tara.

Kwana goma sha ɗaya a rumfar Jyldyzbek.
Ƙafafun injin suka ƙi zama inda na da ya zauna,
giyabos ya ƙi gaisawa da baƙo.
Aka yanka, aka yi walda, aka sake yankawa.
A bayan famfon mai muka tsinci wata 'yar takarda
ta naɗe, ta sha zafi, da rubutun da ba mai iya karantawa.
Ko rasit ce, ko addu'a.
Na mayar da ita inda take.

Asubar da muka gama, ƙanƙara ta daskarar da kwari.
Na tura kaskon garwashi ƙarƙashin cikinta,
na ƙirga goma, na murɗa makulli.
Ta amsa da wata murya mai kauri
wadda ban san ta da ita ba.

Innata Burulkan ta fito da mayafi a kafaɗa,
ta saurara, ta daɗe.
"Jikin dai nasa ne," ta ce,
ta koma ciki.

Yanzu muna hawan Dolon da giya ta uku,
buhun dankali ashirin, tumaki shida a baya,
ba ta ko nishi.
Amma karen gidanmu, wanda tun daga gada
yake gane dawowar baba,
kwana uku yana yi mana haushi a ƙofa.
A na huɗu ya shinshina taya,
ya dube ni,
ya matsa muka shige.