Tozon da Ya Narke

Ƙarfe uku na dare a Tsukuba.
Kwaɗi na ta kwakwazo a fadamun shinkafa,
gwangwanin kofi ya huce a hannuna,
can ƙarƙashin ƙasa kuwa, zobe mai zagayen kilomita uku
yana ta gwara kan elektiron da abokin gabarsa,
goshi da goshi, ba mai raba su.

Abin da nake farauta ban taɓa sa shi a ido ba.
Mesan ake ce masa, ɗan gidan hadaron,
kwak da akasinsa, ɗaure da igiyar da ba ta kwantuwa.
Ana haihuwarsa,
kafin haske ya ƙetare kaurin farcena
ya riga mu gidan gaskiya.

Sai magada.
Kayon ya yi gabas, fayon biyu sun yanki yamma,
maganaɗisu ya lanƙwasa musu hanya kamar lauje,
mai zafin gudu ya ɗan karkata,
mai sanyin jiki ya nannaɗe kamar gammo.
Rabon gado nake yi, amma a juye:
in bi sawun kowa, in auna abin da ya kwasa,
in tara, in ce ga nauyin wanda ya bar su.
Wani sa'in lissafin ya ƙi cika,
nutirino ya sulale ta bango da kasonsa,
ko sallama babu.

Wata huɗu ke nan da tozo ya tsiro a jadawalina,
ɗan tudu a inda ya kamata a ga fili fetal.
Na ce ruwa ba ya tsami banza.
Na ɓoye shi kamar ƙaramin ciki,
har suna na raɗa masa a zuci.
Mahaifiyata kaɗai na faɗa wa, ta waya, tana Morioka.
Ta yi shiru, ta ce, "Shiori, kina dai cin abinci?"

Daren nan tsoho Hamaguchi ya turo ƙofa.
Shi yana cikin waɗanda suka ɗaura wayoyin na'urar,
dubu bisa dubu, kowace ta fi gashi siranta,
har yau yatsunsa na murza iska in yana magana.
Ya ajiye littafin aiki mai tabon shayi,
ya sa farce a kan wani layi:
"Ranar da ƙasa ta ɗan girgiza, cikin sanyi,
wannan ɓangaren ya fara ƙara gishiri.
Na rubuta. Ba wanda ya karanta."

Na duba.
Fayon ne ya ari rigar kayon,
ni kuma na tashi na ba shi kujerar manya.

Na gyara awon. Na sake tura lissafin.
Minti arba'in ina kallon allo, ban ko ƙifta ba.
Tozon ya sunkuya,
ya kwanta,
ya bi sauran ɗigo ya ɓace.
Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Ban yi kuka ba. Wuyana ne dai ya riƙe.
Tsohon ya warware hankicinsa,
ya raba dunƙulen shinkafa biyu, ya miƙo mini mai tsamin.
"Irin wannan, bakwai na raka kabari," in ji shi.
"Na farkon nawa ne."
Ya ci nasa a tsaye.

Na buɗe rajista na rubuta:
babu kowa a nan, iyakar inda awonmu ya kai.
Na sa kwanan wata. Na sa sunansa kafin nawa.

Da na fito, kwaɗin sun yi shiru,
raɓa ta jiƙa sirdin kekena.
Dutsen Tsukuba na tsaye da tozonsa biyu,
na harare shi.
A ƙasa ana ci gaba da haihuwa, ana ci gaba da rasuwa,
gobe da dare kuma ni ce a kan aiki.