Wanne Zan Bari?

Takardar ta jiƙe a gefe,
ruwan Agusta ya kama ta tun daga Bagalam.
Ta shimfiɗa min ita a kan kanta
kamar mai shanyar kuɓewa.
Layi huɗu, rubutun majo,
sawun kaza cikin taɓo.

Na buga lissafi: jika bakwai da dala ɗari.
Ta kwance bakin zane.
Jika uku ne, sun sha hannu,
suna ƙanshin man gyaɗa,
sai 'yan tsaba da ta ƙirga sau biyu
ko za su haihu.

Yaron na goye, Ma'azu sunansa.
Majina ta shata masa hanya biyu zuwa leɓe.
Ya yi atishawa, ya yi dariya,
ya miƙo hannu zai ƙwace min biro.

"Ɗan nan, wanne zan bari?"

Shekara shida ina bayan wannan katako.
Ban yi karatun likita ba,
amma na san layi na uku:
garin kwalba da ake cika wa ruwa,
jika huɗu shi kaɗai.
Na kuma san mura.
Baƙuwa ce mai kwana bakwai,
ka yanka mata rago, ka ba ta ruwan randa,
ranar tafiyarta ɗaya ce.
Garin nan ba da ita yake faɗa ba,
kuma in an yi ta kiransa babu yaƙi,
ranar yaƙin sai ya zo ba takobi.

Mai shago na bayana yana jan carbi,
kunnensa ɗaya na wajen Allah,
ɗaya na wajen aljihun tebur.

Na rage murya.
"Inna, likita ba nisa. Koma ki tambayi majo
ko na ukun nan dole ne.
In numfashinsa ya soma sauri, ko ya ƙi nono,
wannan kuma wata magana ce, kada ki kwana gida."

Ta dawo bayan la'asar, takalmi a hannu.
An ja layi kan na uku, an ja kan na huɗu.
Wai majo ya ce shi ma ya gaji,
in takarda ta yi gajarta
mutane cewa suke bai iya aiki ba.

Na zazzaɓi, da ruwan gishiri na ɗigawa a hanci.
Jika ɗaya da 'yan kai.
Sauran ta mayar bakin zane,
ta ƙulle da haƙori,
kuɗin gyaɗar gobe.

Ba ta kai ƙofa ba wani ya shigo,
shadda na ƙara, makullin mota a yatsa.
Maƙogwaro ke masa ƙaiƙayi tun jiya.
"Ba ni ja-da-rawaya, kwali biyu."
Ba takarda.

Carbi ya tsaya a bayana.
Na dubi kwalin da ke saman kanta.
Hannuna ya riga ni tashi.